Zagin da Bai Isa Maiduguri Ba

Kibiyar da ke kan allon kwamfutar Alhaji Gidado ta motsa ita kaɗai. Hannayensa biyu suna kan gwiwoyinsa, bai taɓa komai ba, amma ga ta nan tana yawo, ta buɗe wannan ta rufe wancan, ta tattara tarkacen da ya tara a fuskar allon ta zuba a kwandon shara. Daga lasifikar bango muryar 'yarsa Hansatu ke fitowa, a gajiye.

"Baba, na ce maka in ka ga abu ja yana ƙyalli kada ka danna."

"To ai shi ya ce in danna."

"Duk abin da ya ce ka danna sai ka danna?"

Dattijon ya yi tsaki ya kau da kai. Ya tsani wannan lokaci, ya zauna a ɗakinsa kamar baƙo ana yi masa kwalima a kaya.

A wancan zamani Gombe ta yi girman da ta haɗiye garuruwan da ke kewaye da ita, kuma babu gidan da ke tafiya ba da kwamfuta ba. Ita ke buɗe ƙofa, ita ke sakin ruwa a famfo, ita ke tuna wa mutum maganinsa, ta hanyarta saƙo ke shiga ya fita. Matasa sun tashi a cikinta. Tsofaffi kuwa sai ta riƙa yi musu gardama, 'ya'yansu kuma sun watsu neman abinci. Saboda haka aka ƙirƙiro manhajar da ake kira Hannun Nesa. Ɗa ko 'ya za su sa tabarau da safar hannu a duk inda suke, sai allon gidansu ya bayyana a gabansu, abin da suka taɓa a iska shi zai taɓu a gida. Hansatu injiniya ce a wata tashar tara hasken rana can cikin sahara, bayan Agadas. Daga can take gyara wa mahaifinta komai, galibi a tsaye, tana cin abinci da ɗaya hannun.

Ranar tana shirin fita sai manhajar ta ɗago mata wani zane. Zoben da ke yatsan Alhaji Gidado yana auna jininsa, zanen kuma ya nuna kullum da hantsi jinin sai ya yi tsalle. Manhajar ta laluba ta gano abin da ke zuwa a daidai wannan lokaci: saƙon murya daga wani Mala Kyari na Maiduguri. Hansatu ta kunna guda ɗaya a kunnenta.

"Kai bawana, mai ƙafa kamar sandar kiwonsa, ka tashi ko rowa ta ƙarasa ka cikin dare? In ka sha furar taka mai tsami ka zo ka share min ƙofar gida."

Ta san muryar, ta san kuma wasa ne. Wa bai san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari ba? Amma ga zane ja a gabanta, ga ƙararrawar aiki tana kaɗawa, ga manhajar ta rubuto cikin ladabi: Ana so a kunna Mataci? Ta ce a ranta ai ba toshe mutumin za ta yi ba, kaifin kawai za a rage. Ta danna.

"Baba, na ɗan gyara maka wani abu. Sai anjima."

"Allah ya yi albarka," in ji shi, bai ma tambayi ko mene ne ba.

Shi Mataci an yi shi ne saboda 'yan damfara da marasa kunyar da ke tsorata tsofaffi a waya. Yana karɓar magana kafin ta isa kunne, ya cire mata duk abin da ya ɗauka zagi ne, ya maye gurbinsa da kalma mai laushi, sannan ya sake faɗarta da muryar mai ita, har da tarinsa da numfashinsa. Kuma gaba da baya yake aiki, abin da ya shigo da abin da ya fita. Masu ƙirarsa sun yi alfahari da shi ƙwarai, wai sun kawo ƙarshen baƙar magana a duniya. Babu wanda ya tsaya a cikinsu ya tambaya ko jinin tsoho na iya hawa saboda dariya.

Gidado da Kyari kuwa tun suna samari suke tare. Gidado malamin dabbobi ne a lokacin, an tura shi kasuwar shanu ta Potiskum yin allura, Kyari kuma dillali. Kalmar farko da ta shiga tsakaninsu ita ce Kyari ya tambayi jama'a wa ya ba bawansa allura ya riƙe. Gidado ya ce shi dai bai taɓa ganin ubangijin da aka tsage wa fuska don kada ya ɓata ba. Daga ranar ba su sake rabuwa ba, ba su kuma taɓa gaisawa kamar mutane ba. Lokacin da matar Gidado ta rasu, Kyari ya zo ya zauna har aka share makoki bai ce uffan ba. Sai da zai shiga mota ya juyo ya ce, "Ita dai ta huta da rowarka." Wannan ce dariyar farko da Gidado ya yi bayan mutuwar, ya yi ta har da hawaye. Da tsufa ya zaunar da su, sai abin ya koma saƙon murya. Kyari ya turo da hantsi, Gidado ya yini yana wasa amsarsa, ya tura bayan la'asar.

Washegarin gyaran Hansatu, Gidado ya zauna da kofin shayinsa ya kunna saƙo.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, barka da hantsi. Da fatan ka tashi lafiya, ka kuma karya kumallo. Ina marmarin ganinka."

Ya ajiye kofin. Muryar Kyari ce, babu ko shakka, har da ɗan kakin nan da yake yi kafin ya fara magana. Ya sake kunnawa. Ya ɗauka sabon salo ne, tarko ne aka ɗana masa, sai ya murmusa ya shirya amsa mai zafi. Bayan la'asar ya ce wa kwamfutar ta ɗauka.

"Kai tsohon Babarbare mai warin bandar kifi, yau ladabi ka koya? Daidai ne, bawa ya san ubangijinsa. Gobe ka haɗa da durƙuso."

Abin da ya isa Maiduguri da muryar Gidado shi ne: "Malam Kyari, na gode da gaisuwa. Na yaba da ladabinka. Allah ya kai mu gobe."

Gobe ta zo da wata gaisuwar, jibi ma haka. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, a gaida iyali. Tun Gidado yana dariya har ya daina. Ya fara kwana da abin, ya tashi da shi. Me ya yi wa Kyari? A wurin abokin wasa, girmamawa ita ce ƙarshen wulaƙanci. Ma'anarta an cire ka daga cikin na gida an ajiye ka a zaure tare da baƙi. Ya bi shekarunsu ɗaya bayan ɗaya yana neman laifinsa. Ko don bai je bikin jikar Kyari ba, lokacin da ƙafa ta hana shi? Ai ya aika, kuma Kyari da kansa ya zage shi a kan haka har ya gaji. Ko 'ya'yan Kyari ne da suka yi arziki suka ce ya daina wasa da tsohon malamin dabbobi? Wannan tunani ya fi ci masa rai, kuma da ya shiga kansa bai sake fita ba.

Ya ƙara wa zaginsa gishiri. Ya tono tsofaffin abubuwa, har da ranar da bijimi ya kori Kyari ya haye bishiya rawaninsa na warwarewa. Amsa ta dawo: "Na ji daɗin tuna baya da ka yi, Alhaji. Allah ya bar zumunci."

"Allah ya bar zumunci," Gidado ya maimaita shi kaɗai a ɗaki. "Ni Kyari zai yi wa Allah ya bar zumunci. To shi ke nan."

Ya daina amsawa. Fushi yake yi, fushi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Saƙonnin suka ci gaba da zuwa, yana saurare yana tsaki. Wata rana aka ce, "Alhaji, idan ka samu sarari ina so ka ziyarce ni." Bayan kwanaki aka sake cewa, "Ina fatan ganinka nan kusa, in babu damuwa." Gidado ya ce wanda ke yi masa magana kamar yana gaban gwamna ai ya iya jira. Daga nan saƙon ya ɗauke gaba ɗaya.

A can sahara kuwa zanen ya kwanta lumui, babu tsalle ko ɗaya. Manhajar ta aiko wa Hansatu da koren tauraro, ta taya ta murnar kula da mahaifi. Da ta shigo ta Hannun Nesa gyara masa famfo ta ce, "Baba, jininka ya yi kyau kwanan nan."

"To," in ji shi.

Damina ta wuce a haka. Ran nan da rana tsaka maƙwabcinsa ya yi sallama, ya miƙo masa wayarsa ya ce wata mata ce daga Maiduguri, ta ce lallai sai ta wayar wani za ta yi magana da shi. Hajja Yagana ce, matar Kyari. Ita ma ta saba tsokanarsa, amma yau babu wasa a muryarta.

"Gidado, na kira layin gidanka ka amsa min kamar ma'aikacin banki, shi ya sa na biyo ta nan in ji ko kunyar maƙwabci za ta sa ka yi magana kamar mutum. Me Kyari ya yi maka?"

"Ni za ki tambaya? Shi da ya mai da ni ranka ya daɗe?"

"Wa ya ce maka ranka ya daɗe? Ina zaune kusa da shi yake ɗaukar saƙon nan kullum. Zagin da ya yi maka a watannin nan ko a ƙuruciya bai yi ba. Kai ne kake amsa masa da na gode, na yaba. Mutumin nan har kuka ya yi, Gidado. Da likita ya gaya masa jijiyar kansa na iya tsinkewa kowane lokaci, ina ji ya ce maka, kai bawana, ka zo ka ga ubangijinka kafin ya tafi ya bar ka ba mai ciyar da kai. Sau biyu yana kiranka. Ka yi shiru."

Gidado ya dafa bango. "Yana ina?"

"Yana asibiti. Ta tsinke."

Ya mayar wa maƙwabcin wayarsa, ya shiga ɗaki ya danna maɓallin kiran gaggawa, wanda Hansatu ta ce kada ya taɓa sai in wuta ta kama. Nan take fuskarta ta cika allon, da hular aiki a kanta.

"Baba, lafiya? Me ya faru?"

"Me kika sa a tsakanina da Kyari?"

Ya ga lokacin da ta tuna, ya ga idonta ya sauka ƙasa.

"Mataci ne, Baba. Jininka ne yake hawa duk lokacin da..."

"Jinina. Na ce miki ina ciwo? Na kawo miki ƙara?"

"Zanen ne ya nuna. Ni na san wasa kuke yi, na ɗauka kaifin kawai zai rage."

"Kin san wasa ne." Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsorata ta. "Da ba ki sani ba da na ce yarinta. Kin sani, kika shigo ɗakina ina zaune ina kallonki, kika sa hannu a bakina kika canza min harshe, na ce miki Allah ya yi albarka. Na ba ki ƙofa ki gyara min famfo, Hansatu. Ban ba ki ki zaɓa min abin da kunnena zai ji ba. Kin tambaye ni? Kalma ɗaya, Baba ka yarda? Nan nake, ba mutuwa na yi ba."

"Ka yi haƙuri, Baba. Yanzu zan kashe shi."

"Ki kashe. Sannan ki fito min da maganarsa ta gaskiya, duk wadda ya turo. Ina so in ji."

Kibiyar ta yi ta yawo a allon, ta shiga nan ta fita can. Ya ga tana sake komawa inda ta riga ta duba. Da ta yi magana, da ƙyar ya ji ta.

"Ba ya ajiyewa. Yana goge na asalin bayan ɗan lokaci, wai don kada mutum ya koma ya saurara ransa ya ɓaci. Gyararrun ne kawai suka rage."

Gidado ya dubi allon. Watanni na muryar Kyari, mafi zafin zagin da ya taɓa yi, da kiran da ya yi masa sau biyu, duk wata na'ura ta saurara ita kaɗai ta share, don kada ransa ya ɓaci.

"Cire hannunki daga gidana," ya ce.

"Baba, ƙofar, da maganinka..."

"Na ce ki cire."

Kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar allon. Ya zare zoben daga yatsansa ya ajiye a kan tebur, ya ɗauki hula da sanda. Ƙofa ta yi masa gardama, ya yi ta dannawa har ta buɗe.

Jirgin ƙasa mai gudu a kan maganaɗisu ya kai shi Maiduguri kafin la'asar. Bai ga komai a hanya ba. Zaginsa yake shiryawa, yana jera shi yana sake jerawa, don ya ƙudura ba zai shiga ɗakin nan da sannu ba.

Hajja Yagana ta tare shi a bakin ɗakin. Ta rame. Ta ce ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshe ma ya tafi, kuma likitoci sun ce ba zai dawo ba. Amma yana ji, yana ganewa sarai. Sun ɗaura masa wani siririn ƙarfe a goshi mai suna Maƙoshi, wanda ke karanta abin da mutum ya yi niyyar faɗa ya faɗe shi da muryarsa.

Kyari yana kwance, ya zama rabin yadda Gidado ya san shi. Tsagen fuskarsa ya nutse cikin tamoji. Idonsa na hagu ne ya juyo, ya tsaya a kan mai shigowa.

Gidado ya ja kujera ya zauna, ya jingine sandarsa, ya gyara murya.

"To, ragon bawa. An ce ka zo ka yi min aiki, ka samu gadon gwamnati ka miƙe. Dube shi. Ko bijimin Potiskum bai kayar da kai haka ba. Tashi ka kawo min ruwan alwala, kafin in sayar da kai in sayi akuya."

Idon ya yi haske. Gefen bakin da ke da rai ya fara rawa, jijiyar wuya ta tashi, girar hagu ta ɗage sama. Gidado ya san wannan fuska sarai. Ita Kyari ke yi idan ya samo wata babbar tsokana, wadda za ta sa kasuwa ta tsaya. Ya matso da kujera, ya karkata kunne. Fitilar Maƙoshi ta yi kore. Aka yi ɗan kakin nan, sannan muryar Kyari ta cika ɗakin.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Na ji daɗin ganinka. Allah ya saka da alheri."

Idon Kyari ya rufe. Hannunsa na hagu ya damƙi zanen gado ya murɗe.

Gidado ya juya ga Hajja Yagana. "A nan ma?"

"A nan ma. Na roƙe su su cire, sun ce a jikin na'urar aka gina shi, ba ya fita. Wai marasa lafiya na zagin ma'aikata idan ciwo ya yi tsanani."

Ya miƙe. Mutanen da suka iya shiga cikin kan mutum su ɗauko magana tun ba ta zama sauti ba, su ne suka kasa barinsa ya faɗi abin da ya ga dama. Ya kama ƙarfen ya zare shi daga goshin abokinsa, ya jefar a kan gado. Fitilar ta mutu. Kyari ya buɗe ido ya dube shi, kuma Gidado ya tabbata godiya ce a ciki, ta gaskiya.

Suka zauna haka. Gidado ya ci gaba da zaginsa a hankali, yana yi yana share ido da hannun riga, Kyari na amsawa da gira. Sai can leɓen Kyari ya fara motsi, wani sauti mara kan gado na fita daga maƙogwaronsa. Ya dubi Gidado, ya dubi matarsa, ya sake yunƙurawa. Gumi ya tsattsafo masa. Gidado ya gyara masa matashi, ba shi ba ne. Ya ɗaga masa ƙafa, ba ita ba ce. Sautin ya ƙara ƙarfi.

"Wani abu yake so," in ji Hajja Yagana a hankali. "In babu na'urar, ko ruwa ba ya iya roƙo. Ko inda ke masa ciwo ba ya iya faɗa."

Gidado ya daɗe yana kallon ƙarfen a kan zanen gado. Sannan ya ɗauka, ya ɗaga kan Kyari da hannu ɗaya, ya mayar masa da shi a goshi da kansa. Fitilar ta yi kore.

"Ruwa nake so, in babu damuwa."

Ya tsiyaya a kofi, ya tallafo shi ya ba shi. Kyari ya sha, idonsa na hagu a kan Gidado, girar ta sake ɗagewa, gefen bakin na rawa, hawaye na gangarowa ta cikin tsagen.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji muryar.